Gidan da Gwaggo Ta Auna

Gwaggo Balaraba ta dawo daga ganin ɗaki da igiyar awo a hannu, bakinta har kunne. Ko mayafi ba ta cire ba ta baje a tsakar gidan yayanta Malam Ɗayyabu, ta kira 'yarsa.

"Mahbuba, zo ki ga inda Allah ya kai ki. Sabo fil, ko ƙadangare bai kwana ciki ba. Tayil har banɗaki. Ƙofa kuwa daidai da ƙasa, kabet ɗinki zai shige ba sai an ɗaga ba."

Gidan da Muhsin zai saya ne a sabuwar unguwa, bayan garin Birnin Kudu. Malamin firamare ne ɗan Farin Dutse ta Gwaram, an sa musu rana da Mahbuba kafin faɗuwar damina, har ya sayar da gonar gadonsa saboda gidan. Amarya ba ta zuwa ganin ɗaki, don haka a wayar Gwaggo ta kalli hotuna. Fenti dai ya yi kyau. Amma idonta ya tsaya a gidajen gefe: kowanne dokin ƙofarsa ya kai gwiwa, ga tsofaffin buhunan yashi jingine da bango.

"Gwaggo, me ya sa maƙwabta suka ɗaga ƙofofinsu haka?"

"Oho musu. Ɗaki na je aunawa, ba maƙwabta ba."

Da Muhsin ya zo zance bayan la'asar, ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Malam, kar ka sayi gidan nan sai ruwa ya sauka a kansa."

"Mahbuba, dillali ya ce akwai wani mai so. Gwaggo kuma ta ce ba za a kai ki gidan haya ba. In ya kuɓuce mini, ke zan rasa."

"Ni ba gida ba ce da za a riga ka saye. Kuɗin gonar mahaifinka ne a hannunka, ba ka da wata gonar. An gina shi da rani, an shafa fenti da rani, wa ya san halinsa da damina? Ka bar ni da Gwaggo."

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Gwaggo ta yi tsalle ta dire, ta ce dama ta san za a yi haka, baƙauye ne ba shi da halin saye, ya laɓe bayan yarinya. A mayar masa da kayan sa-ranarsa, masu gida suna nan birjik. Mahbuba ta sha kuka har idanunta suka kumbura, domin Gwaggo ce ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma tana ƙaunarta. Amma ba ta janye ba.

Malam Ɗayyabu ya saurari kowa, sannan ya yanke.

"A ɗaga biki zuwa kaka. In damina ta wuce gida yana lafiya, Balaraba, maganarki za a bi, a mayar masa da kayansa. Mahbuba, kin yarda?"

Ta ce, "Na yarda, Baba."

Jiran bai yi daɗi ba. Ƙawaye suka riƙa tambaya cikin dariya ko anko zai tsufa a akwati. Gwaggo ta daina amsa gaisuwar Muhsin. Ruwan farko ya sauka, gida ko gezau, Gwaggo ta aiko da hotonsa don a gani. Shi kuwa mai son gidan da dillali yake faɗa, har yau ba a ga ƙeyarsa ba.

Sai marka ta zo. Wata safiya bayan an sha ruwa, Malam Ɗayyabu ya ce Muhsin ya raka su shi da Gwaggo su dubo gidan. Tun daga bakin unguwa mai adaidaita ya ce nan ya tsaya. Suka tattare sutura suka ratsa taɓo. Ruwa ya shige gidan ta wannan ƙofa mai sauƙin shigar kabet, ya kwanta a falo. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, kwaɗi suna ta sha'aninsu daidai inda Gwaggo ta auna wa gado.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta saman dokin ƙofarta.

"Ai fadamar shinkafa ce aka cike aka yi gini. Ranar da kuka zo awo ina nan zaune, ba wadda ta tambaye ni."

Gwaggo ta juya ta kama hanyar gida. Da ta shiga ta kamo hannun Mahbuba, ta ce:

"Da kayan ɗakin da mahaifiyarki ta bar miki zan jera a cikin ruwan nan."

Suka rungume juna suna kuka.

Da kaka aka ɗaura aure. Muhsin ya sami ɗan gida a kan tudu cikin gari, ba tayil, amma ya ga damina da yawa bai motsa ba. Sabon gida ba a sayensa don fenti ko gaggawar dillali. A san ƙasar da yake kai, a tambayi na kusa, a bari ruwa ya gwada shi. Mijin aure ma haka, haƙurinsa ake dubawa.

Ranar ganin ɗaki Gwaggo ce a gaba. Ta soke igiyar awo a ƙugu, ta wuce ƙofar gidan, ta yi sallama a gidan maƙwabta.