Idanun da Suka Cinye Dada

Ba don daɗi nake ba da wannan labari ba. A gidanmu ya faru, a Yankara, kuma a kan ƙanena Mas'ud, autan mahaifiyarmu Dada. Abin da ban gani da idona ba, shi ya faɗa mini da bakinsa kafin hankalinsa ya gushe.

Mas'ud ya taso yana sayar da faifan fim a bakin kasuwa, rumfarsa ba ta rabuwa da jama'a. Sai zamani ya juya masa baya. Kowa ya mallaki babbar waya, kowa ya sayi data ya kalli abin da ransa ke so a ɗakinsa. Faifan Mas'ud suka zauna har rana ta lanƙwasa su. Abin da ya fi ci masa rai shi ne waɗanda a da suke leƙe a rumfarsa, yanzu su ake kallo. Ba kamfani, ba darakta, ba zuwa Kano. Mutum ya ɗauki kansa da waya ya ɗora a Yutub ko Tiktok, in Allah ya ɗaga shi sai ka gan shi da mota.

Shi ma ya buɗe tasa tashar. Shekara guda yana manna gemun auduga yana wasan barkwanci, masu kallonsa ba su kai taron suna ba.

"Auta, wai mi kake yi tun safe kana surutu da tafin hannunka?" Dada ta tambaye shi wata rana tana kaɗi a gindin rumbu.

"Sana'a ce, Dada. Duniya ce ke kallona."

"To duniyar nan taka ba ta da kirki. Ko gaisuwa ban ji ta aiko ba."

Matarsa Zulfa ta yi dariya har ta saki muciya. Mas'ud ya yi murmushi, amma maganar ta zauna masa a ƙirji.

Abokinsa Gide, dillalin shanu, shi ya ba shi labarin wani boka a cikin duwatsun da ke bayan Sabuwa, wurin da ko masu bindiga ke ratsewa su bar shi. Mas'ud ya tafi ranar wata Laraba da tsakar rana, ya ɓoye babur a cikin sabara, ya hau dutse da ƙafa.

Kogo ne mai ƙaramin baki, an rataye jan ƙyalle. Rana na ƙuna a waje, ciki kuwa sanyi kamar rijiya, ga wani ƙarni da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga ƙore jere a jikin bango, kowace cike da busassun idanu: na rago, na mujiya, na kare, da wasu da bai yarda ya tsaya ya gane na mene ne ba. Bokan na zaune bayan asabari, ya juya baya, ya lulluɓe kansa da baƙin bargo. Ko yatsansa ba a gani.

"Sunkuyar da kai," muryar ta ce. "Ba a kallona. Mi ka zo nema?"

"Baba, so nake a kalle ni. Duk abin da na ɗora, mutane su kasa ɗauke ido."

"Masu zuwa nan kuɗi suke roƙo. Kai ido kake roƙo. Ka san abin da ido yake?"

"Yanzu ido shi ne kuɗi, Baba."

Bokan ya yi wata dariya marar sauti, bargon kawai ke motsi. Ya ce a turo wayar ta ƙarƙashin asabari. Mas'ud ya ji ana daka a ɗan turmi, ana kiran wasu sunaye da ba na mutane ba. Hayaƙi mai ɗaci ya cika kogon. Aka umarce shi ya buɗe ido a cikin hayaƙin har hawaye ya zubo, ya tara a wani ɗan kasko ya miƙa. Da hawayen aka kwaɓa garin idanun da kwalli, aka shafa wa idon wayar sau uku.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji bokan. "Abin da za ka nuna sai ya zama naka, wanda ranka ke so. Na wani ba ya kamawa."

"Mi zan biya?"

"Ni ba a biyana. Masu kallo su ke ɗaukar ladarsu. Duk wanda ya kalla zai tsinci ɗan kaɗan daga abin da ya kalla. Ƙwaya ɗaya, kamar tsuntsu a zangarniya."

"Ƙwaya ɗaya tak?"

"Tak. Ka yarda?"

Mas'ud ɗan manomi ne. Ya sha ganin abin da tsuntsayen janbaki ke yi wa gonar gero idan suka sauka da yawa. Ya ce mini a lokacin tunanin ya zo masa, ya ture shi.

"Na yarda."

Da shanun huɗar da mahaifinmu ya bari ya fara, bijimai biyu farare da ya yi kiwo da hannunsa. Ya ɗauke su suna huɗa da safe, ba waƙa, ba magana. Kafin Juma'a bidiyon ya zaga ƙasa. Mutanen birni da ba su taɓa riƙe garma ba suna rubutu a ƙasa cewa sun kalla sau goma. Kafin wata ya cika bijiman suka rame, suna ci amma kamar ana zuƙe su, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Mas'ud ya ce ciwon huhu ne. Ranar da aka ja na biyun zuwa bayan gari, ranar kuɗin farko suka shigo masa.

Daga nan ya juya wayar kan Dada.

Dada ba ta san wasan kwaikwayo ba, ita dai haka Allah ya yi ta. Tana kaɗi tana waƙoƙin da ta koya wurin kakarta, tana tsokanar duk wanda ya gifta, tana ba da labarin yadda aka kai ta gidan miji a kan jaki jakin ya ƙi tafiya. Duniya ta haukace a kanta. Daga Legas, daga Nijar, daga Saudiyya ake rubuto wa "Kakarmu". Masu atamfa da masu shayi da masu man shafawa suka yi layi a ba su talla. Mas'ud ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, ya sa sola, ya sayi mota. Masu gaishe shi a tsaye suka koma durƙusawa. Dada kuwa murna take, autanta ya zama mutum.

Da lokacin kaka ya zo, Dada ta fara cewa jikinta ba ƙarfi. Ba zazzaɓi, ba tari. Aka kai ta asibiti a Funtuwa, aka auna komai, aka ce ba a ga komai ba. Mazarin kaɗi ya fara yi mata nauyi. Waƙar da ta sani tun tana yarinya sai ta kai tsakiya ta tsaya, ta rasa sauran.

"Auta," ta ce masa, "ji nake kamar ana tsintata. Nan kaɗan, can kaɗan. Ko a ɗaki nake ni kaɗai, sai in ji kamar ina tsakiyar kasuwa ba mayafi."

Mas'ud ya san abin da ke faruwa. A nan ya kamata ya tsaya. Amma masu talla sun riga sun saba, tasha kuma in ta kwana biyu ba sabon abu sai a manta da ita a koma ta wani. Sai ya yi dabarar da har gobe nake jin nauyinta: ya ce bari ya hutar da Dada, ya sa Zulfa.

"Baban Hafiza, ni fa ba na son hoton nan," in ji Zulfa. "Mi zan ce musu?"

"Ba sai kin ce komi ba. Tuwonki za ki tuƙa kamar kullum."

"Tuwo ma sai an kalla? Su ba su da mata a gidajensu?"

"Haba Zulfa, don Dada ta huta ne."

Saboda Dada, Zulfa ta yarda. Sati shida ana kallonta tana tuƙa tuwo, tana yi wa 'yarsu Hafiza kitso. Wata safiya aka same ta a bayan rumbu ta lulluɓe da tabarma tana rawar jiki, tana cewa a rufe ƙofa, sun cika gidan, ga su nan a kan katanga suna kallonta. Ba ta ƙara yarda ta buɗe fuskarta ba, ko ga 'yarta. Iyayenta suka zo daga Ketare suka tafi da su biyun.

Masu kallo kuwa ba su daina tambaya ba: ina Kakarmu? Wani babban mai talla ya ce in za a nuna ta kai tsaye ranar Sallah, zai ɗauki nauyin tashar shekara guda. Mas'ud ya ce wa kansa sau ɗaya ne, na ƙarshe. Aka jingina Dada da matashi, aka ɗaura mata sabon ɗankwali. Ta yi ƙoƙari ta yi musu barka da Sallah, ta yi murmushi. Jama'ar da suka taru a kanta a wannan sa'a sun fi mutanen Faskari da Ƙanƙara a haɗe. Kafin a kashe wayar kanta ya langaɓe. Daga ranar ba ta ƙara tashi zaune ba.

A ranar ya goge komai. Ya rufe tashar, ya fasa wayar da taɓarya, ya jefa a masai. Ya zauna yana jiran Dada ta farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba, kullum ƙara ƙanƙancewa take a kan gado.

Ranar kasuwa ya fita sayo mata magani, sai ya ji muryarta. Wani mai nama ne ya jingina waya yana kallonta yana dariya. Gaba kaɗan wasu mata a rumfar mai awo, su ma ita. A wurin masu tura wa mutane bidiyo a waya kuwa, cewa suka yi ai Dada ta fi kowane fim fita. Wasu tashoshi da bai san masu su ba duk sun kwafe sun sake ɗorawa, wasu sun sa mata kiɗa.

Ya hau babur bai tsaya ba sai kogo.

"Baba, na goge! Na fasa wayar! Ka tsayar da su!"

"Da mi?" in ji muryar bayan asabari.

"Ka karɓi gidan, ka karɓi motar. Ko ka mayar da abin kaina, ni su ci."

"Kai ai ka gwada, ba su so ka ba. Ni kira na iya, ban iya kora ba. Ka bi su ɗaya ɗaya ka rufe musu ido in za ka iya. Tahi, kana tsaye mini a haske."

Ya dawo bayan la'asar. Ina zaune a bakin gadon ina ba ta ruwa da cokali. Ya tsaya a ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango. Tun ranar Sallah bai yarda ya dube ta ba, yana tsoron kada nasa idon ya ɗauke abin da ya rage.

"Auta ne?" Muryarta kamar ta sauro. "Matso."

Ya matso da baya, ya durƙusa.

"Mi na yi maka kake ba ni ƙeya?"

"Dada, ki yafe mini. Ni na yi miki wannan. Ni na je..."

"Na sani tun kan shanu. Na yafe. Amma shekara biyu ke nan ba ka dube ni ba sai ta cikin abin nan. Kowa ya kalle ni ban da kai. Juyo in ga ɗana."

"Dada, in na kalle ki..."

"Juyo, na ce."

Ya juyo. Suka dubi juna, ita tana ɗan murmushi, shi hawaye na zuba har gemu. Ta yi salati a hankali. Ban san ko an kai minti ɗaya ba, ta cika. Da muka ɗaga ta za a yi mata wanka, ba ta fi nauyin damin kara ba.

A zaman makoki, a ƙofar gidanmu, na ji muryarta tana fita daga aljihun wani. Wai tunawa da ita suke.

Gidan bulo yana nan a rufe, ciyawa ta cinye tsakar gidan. Zulfa har yau a lulluɓe take cin abinci. Mas'ud kuwa, in kun je kasuwar Yankara ko ta Sabuwa za ku gan shi, ba takalmi, yana bin duk mai riƙe da waya yana cewa, "Don Allah goge ta, ta gaji." Wani ya ba shi sadaka, wani ya ture shi. Wasu kuma sai su ɗaga waya su ɗauke shi.

Ku masu neman a san ku ko ta halin ƙaƙa, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba daga jikinka yake fara yanka ba, daga wanda ka fi so yake farawa. Arzikin da Allah bai ba ka ba, in ka fizgo shi da tsafi, da naman gidanku za ka biya. Mas'ud ya samu duk idon da ya roƙa, ga shi yau ba shi da uwa, ba mata, ba hankali.

In kuma akwai wata tsohuwa mai kaɗi a cikin wayarka, tana waƙa tana dariya, uwata ce. Ka yi mata addu'a, ka goge ta.