Cikon Kuɗin Gidan Rage-mini

"Abba, ba kai ka ce wa Umma ko nawa ne gidan nan sai ka saye shi ba? To me ya sa yanzu kake cewa bai yi maka ba?"

A falon gidan da ake cinikinsa suke. Dillali ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Tsohon da ke sayar da gidan ya dubi yarinyar, ya dubi ubanta, ya yi murmushi. Aku ake ce mata a gida, don duk abin da kunnenta ya ji sai bakinta ya maimaita.

Uban nata mai sayar da tayil ne, kasuwa kaf ta san shi da Rage-mini, ko allura zai saya sai ya taya. Ranar tun safe yake kushe gidan, rufi na yoyo, bango ya tsage, famfo ba ƙarfi. Abin da ke cin ransa dokar haraji ce. Gidan da kuɗinsa bai kai miliyan ashirin ba babu harajin saye a kansa, amma da ya taɓa ashirin hukuma za ta yanki nata mai tsoka. Tsoho kuwa ya kafe a ashirin da biyu.

"Baba, a rubuta sha tara a takarda, cikon a damƙa maka a hannu," in ji dillali. "Haka kowa ke yi."

"Ni ba kowa ba ne. Kuɗin marayun ɗana ne, ba na sa hannu a kan ƙarya."

Suna shiga mota Rage-mini ya ɗauke Aku da mari har leɓenta ya fashe. Uwar ta fizgo ta jikinta tana share mata jini da gefen mayafi.

"Abban Aku, kuɗin harajin nan muna da shi. Ka biya mu huta."

"Ni za a ce wani tsoho ya fi ni taurin ciniki? Sai ya sallama, ko yana so ko ba ya so."

Dillalin ne ya kwatanta masa wurin wani boka, can bayan wani tsohon ramin fasa dutse. Da rana tsaka ya je, amma yana sa ƙafa a ɗakin duhu ya rufe shi. Ƙarnin jini ya doki hancinsa. Kwaɗuna masu tsatsa da makullan gidajen mutane rataye a bango kamar 'ya'yan itace. A tsakiya ga wata randa mai tsayin mutum, an shafe bakinta da jini har ya yi ɓawo, kuma wani abu na numfashi a cikinta. Boka na zaune a kan wata tsohuwar ƙofa da aka shimfiɗe a ƙasa. Ya karɓi ƙasar da Rage-mini ya ɗebo daga dokin ƙofar gidan tsohon, ya zuba a randa. Numfashin ya tsaya.

"Na cikin randa sun ji. Tsoho zai sallama, kuma arziki zai biyo ka cikin gidan. Baƙin sa suke so a yanka musu."

"Sa? Haba malam, a rage mini. Rago dai."

"Ba kasuwa ka zo ba."

"Ko'ina kasuwa ne. Rago ma ya yi yawa a kan ƙasa cikin tafin hannu. Zakara."

Boka ya yi wata dariya marar sauti.

"Ni na sallama. Su ban sani ba. Abin da ka rage, da kansu za su zo karɓar ciko."

Rage-mini ya fito yana jin daɗi, ya kayar da boka a ciniki. A ransa ya ce, abin da ba a rubuta ba ko hukuma ba ta iya karɓarsa, balle wata randa.

Washegari tsoho ya kira da kansa. Ya sa hannu a kan sha tara, idonsa a ƙafe, yawu na bin gemunsa. Bai sake magana ba har ya bar duniya.

Arziki ya zo kamar an fasa madatsa. Manyan 'yan kwangila suka riƙa layi a shagonsa, shago ya zama uku, motar kaya ta zama biyar. Ya shimfiɗe gidan da tayil fari fat.

Ƙaninsa aka fara ɗauka. Yana yankan tayil a falo, faifan injin ya ɓalle ya shige maƙogwaronsa. Uwar Aku ta gani da idonta, jinin bai bazu ba, sai ya bi layin tayil a miƙe har dokin ƙofa, ƙasa ta shanye shi tas.

Sai babban ɗansu. Ƙofar ƙarfen gidan ta tsinke daga jikin gini ba iska ba komai, ta danne shi, ƙashin ƙirjinsa ya yi ƙara kamar an taka kwali. Da aka ɗaga ƙofar babu ɗigon jini a ƙasa.

"Me ka yi?" Matar ta shaƙe wuyan rigarsa a gaban masu gaisuwa. "Wa ka ci wa bashi da 'ya'yana?"

Ya loda baƙaƙen shanu biyu a mota ya koma ramin dutse, ya zube a gaban boka.

"Ga sa, har da ƙari!"

"Kai ɗan kasuwa ne, ka san tayin da ya wuce ba ya dawowa. Sun ɗanɗana abin da ya fi sa. Yanzu mai bakin nan suke so, ƙaramar."

Ya iso gida a guje, ya tarar da Aku a durƙushe a dokin ƙofa, kunnenta manne da ƙasa, tana maimaita abin da take ji da wata murya mai kauri: "Saura ciko. Saura ciko." Tayil na darewa a ƙarƙashinta. Ya ɗauko guduma ya hau dukan ƙasa yana ihu, tsagin tayil na yankar fuskarsa. Uwar ba ta tsaya ihu ba. Ta sunkuci 'yarta ta wurga ta waje, ta bi ta. Ƙofar ta rufo da ƙarfi ta datse mata yatsu uku, suka faɗi a ciki. Ba ta waiwaya ba. Ta naɗe hannun da mayafi, ta goya Aku, ta yi ta tafiya.

Yarinyar ta rayu, amma tun ranar ba ta ƙara furta kalma ba.

Shagunan sun ƙone. Gidan na nan, ko kyauta babu mai so. Rage-mini na zaune a bakinsa cikin tsumma, goshinsa duk tabo don dukan dokin ƙofa, yana roƙon ƙasa: "Ku rage mini. Don Allah ku rage mini."

Kai mai shirin sayen gida, ka taya iya ƙarfinka, ciniki halal ne. In mai gida ya ƙi, ka biya harajin ko ka nemi wani gidan. Ke kuma 'yar'uwata, ranar da kika ga abin da ya gagara jiya ya zo wa maigidanki yau da sauƙin da ba ki gane ba, ki tambaye shi, ki sake tambaya. In ya kasa kallon idonki, kada ki shigar da 'ya'yanki gidan nan.