Atamfa Daidai Gwiwa

Ni na fara ganin abin nan, kafin 'yan layin atamfa, kafin shi kansa uban yarinyar. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in ina tura kura a kasuwar Haɗeja, na tsallake gobara biyu da ambaliya uku, idona kuwa bai taɓa yi mini ƙarya ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaran yanzu suna cewa wai daga Legas aka koyo jera kaya a kanti.

Shekarar da aka ba mu Jigawa, Umara ɗan masunta daga Guri ya buɗe kantin atamfa daura da na Alhaji Ari. Ya rataye kayansa can sama kusa da rufi, ya yi wata biyu yana korar ƙuda.

Mairam 'yar Alhaji Ari ce ke kawo wa mahaifinta abincin rana. Ran nan ta tsaya a bakin kantin Umara, ta ja tsaki.

"Malam, tsuntsaye kake sayar wa?"

Umara ya ɗago ya dube ta.

"Matan ƙauye in sun zo gaban namiji, ƙasa suke kallo," in ji ta. "Sauko da ja daidai gwiwa, kore a gefensa. Madubi kuma ka kai shi lungu, inda ba za ka gan su suna gwadawa ba."

"Me ya hana ki gaya wa Baba?"

"Na gaya masa. Ya ce kaya mai kyau a akwati yake zama, kada baki ya kama shi."

Umara ya yi yadda ta ce. Kasuwa uku kacal, matan Baturiya da Kaugama suka koma wajensa. Ya rubuta wa Mairam takarda, ni na kai:

"Tauraruwata, ja ya ƙare, kore ya ƙare, haƙurina ma ya ƙare. In kin yarda in turo kawuna."

Ta amsa: "Ɗan Guri, turo shi."

Alhaji Ari ko tabarma bai shimfiɗa wa kawun ba.

"Wanda ya kwashe mini masu saye zan ba 'yata? Ku tashi."

A gida ya juya kan Mairam. "Ke kika ba shi wuƙar da ya yanka ni."

"Baba, kai na fara kawo wa, ka ce in rufe maka baki."

Daga ranar ya hana ta kasuwa. Umara kuwa, don ya sanyaya ran tsohon, sai ya mayar da kayansa sama. Da labari ya kai wa Mairam, ta rubuta masa:

"Ka ɓoye kayanka don tsoron Baba? To, ka ɓoye sunana ma. Ba na auren matsoraci."

Ya karanta sau biyu, ya sauko da su a take.

Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shigo kasuwa da sassafe. Kantin Alhaji a gangare yake, akwatunansa duk suka sha ruwa. Umara ya kulle nasa, ya tsunduma ya fara fito da su.

"Kada ka taɓa mini kaya!"

"Baba, zage ni, amma miƙo mini wancan."

Umara ya ɗaure igiyoyin shanya a kan tudu. Sai ga Mairam ta fito ba izini, zaninta jiƙe. Ba ta kalli kowa ba.

"Ɗan Guri, igiyar ta yi sama. Rage ta."

"To, ranki ya daɗe."

Suka shanya, ja a gaba, kore a gefe. Mata suka fara tsayawa. 'Yar'azumi mai kifi, wadda ta shekara goma tana saye a wajen Alhaji, ta riƙe haɓa.

"Alhaji, ashe kana da wannan, kake ta nuna mana masu duhu? Ba ka kyauta ba."

A jiƙe mata suka saye kayan kaf kafin la'asar. Alhaji ya zauna kan akwati, fuska murtuke. Can ya ɗaga wani shuɗi da ya rage.

"Ke, wannan ina ya kamata?"

"Kusa da fari, Baba."

Ya harari Umara. "Ce wa kawunka ya dawo. Ba wai na huce ba ne."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka fasa bango, kanti biyu suka zama ɗaya. Alhaji da bakinsa ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, muka ce amin.

Akwatin da Alhaji ya zauna a kai ran nan ni aka ba, a kansa nake zama a bakin kasuwa, tsatsar ruwan tana jikinsa har yau. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya zo ya faɗa mini a gaban idona, in ya isa.