Dokin Ƙofar Inna

Rana tana faɗuwa, Auta na tsaye a tsakar gida tana kallon aikinta, ranta fes. Sati uku Inna ta yi a asibiti da karyayyen ƙugu, a cikinsu Auta ta juya gidan kaf. An kafa ƙarfen dafawa daga ɗaki har banɗaki, an sa masai na zama, an ƙara fitilu. Dokin ƙofar ɗakin Inna kuwa, mai tudun nan da ya kayar da ita, magini ya fasa shi ya shafe wurin da siminti. Likita ya ce ko a gyara gidan ko a ɗauke tsohuwa, Inna kuma ta rantse gawarta kaɗai za a fitar daga ɗakin mijinta. Auta dai akwai himma, sai dai ba ta iya tambaya ba.

Da aka shigo da Inna, ta daɗe tana duban sabon simintin.

"Kun fasa," ta ce.

Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo. Auta ta tsinci ɗaya ta duba. Ɓaraguzan dokin ƙofar ne, waɗanda mota ta kwashe tun makon jiya.

Kwana huɗu ana haka, kullum da magariba. A na biyar, 'yar Auta, wadda Inna ke kira Takwara, ta zube a bakin ƙofar ta sandare, tana kuka da muryar da ba tata ba.

Malam mai ruƙiyya ya zo, ya zauna gefenta yana karatu a hankali, har muryar ta ce ya isa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai wurin da aka fasa. Shekara arba'in ina ƙarƙashinsa. Tun da mai gidan ya rasu, ni nake riƙe gwiwar hannunta in za ta tsallaka."

Auta ta kasa haƙuri. "Ƙarya kake! Kana riƙe da ita ta faɗi?"

Kan Takwara ya juyo gare ta a hankali. "Wayarta ta yi ƙara a ɗaki. Wata biyu ba ki kira ba. Ta ɗauka ke ce, ta zabura da gudu, ta fizge daga hannuna. Kanta kawai na iya tarewa."

Auta ta dubi uwarta, tana roƙo a ranta ta ƙaryata. Inna ta sunkuyar da kai.

"A mayar min da wurina in saki yarinya," muryar ta ce.

Malam ya ce ba a ciniki da jikin bayin Allah. Amma Inna ta ɗaga hannu, ta dafa ƙarfen, ta matso.

"In an mayar, ni za a ɗauke," ta ce. "Ka ga ko ta ina rabuwa ce. Ka tafi, maƙwabci. Na gode. Ka yafe wa yaran."

Takwara ta yi wani kuka mai tsawo, Auta ba ta taɓa jin baƙin ciki irinsa ba.

"Zan tafi. Amma a rataya mata wayar a wuya, kada ta sake gudu."

Malam ya sa ya yi alkawari ba zai dawo ba. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Jifa ya tsaya. Bayan sati hutun Auta ya ƙare, aiki na jiranta. Ta rataya wa Inna wayar da igiya mai laushi, ta yi alkawarin kira kullum, tana kuka kamar yarinya.

Daga bakin zaure ta waiwayo. Inna ta doshi ɗakinta ita kaɗai. Da ta kai ƙofa ta tsaya, ta ɗan ɗaga gwiwar hannun hagu, tana jira. Ta jima a haka. Sannan ta sauke hannun, ta lalubi ƙarfen.