Sawun Kamilu

A wajen wani suna a Maradun na fara jin maganar. Mai rabon goro ce ta sunkuyo ta ce min wai yarinyar nan ta Talata Mafara, Ummulkhairi, ba haka kawai ta sami Kamilu ba. Sawunsa ta ɗiba, da rana tsaka, a gaban yara arba'in. Na ce wa ya gani? Ta ce kowa. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, ban taɓa haɗuwa da wannan kowa ba. Sai na yafa mayafina na je na tambayi masu suna. Ga abin da na samo.

Ummulkhairi ɗaliba ce a kwalejin horon malamai, sashen motsa jiki. Da zangon koyon koyarwa ya zo aka tura ta wata firamare kusa da Dakko, a ƙasar Bakura. Makarantar tana da fili, amma ba ƙwallo, ba raga. Usur ɗaya ne, na hedimasta, da shi yake korar awaki.

Darasin da za a zo daga kwaleji a duba ta a kai shi ne dogon tsalle. A takarda ta san shi kamar sunanta: gudu, tashi, shawagi, sauka. Ta sa aka haƙa rami aka cika da yashin gulbi, ta sami igiya ta ƙulle ta a kowace mita. Ranar farko ta ce yara su zuba ido su ga yadda ake yi. Ta tattare hijabi, ta taho a guje, ta tashi. Takalminta na dama ya isa ramin. Ita ba ta isa ba.

Washegari tana zaune a gindin dogon yaro tana tunanin makomarta, sai ga wani saurayi, fartanya a kafaɗa, kwanon abinci a hannu. Ya iso hanyar ruwan da ta ratsa bayan makaranta, mai kai ruwan Bakolori gonaki. Maimakon ya zagaya ta gada, sai ya ɗan ja baya, ya taho, ya tashi, ya dira a ƙetare. Ko miya ba ta zuba ba.

Ba ta san lokacin da ta kira shi ba. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi sanyi, ya ce sunansa Kamilu. Ta shaida masa cewa yanzun nan ya cika matakai huɗu na dogon tsalle ba kuskure.

"Malama, ni dai gada ce ta yi min nisa," in ji shi.

Ta roƙe shi ya gwada wa yara sau ɗaya. Ya ce albasa na jiransa. Ta ce ba ta taɓa jin albasa ta gudu ba. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai, ya ajiye fartanya.

Ya yi tsallen. Ita kuma ta yi abin da littafi ya ce: ta durƙusa a gaban sawunsa, ta ɗora yatsa a kan diddige, ta miƙa igiya, ta rubuta, sannan ta shafe wurin da tafin hannu. Matan da ke wucewa zuwa rijiya duk sun gani.

Daga ranar Kamilu bai ƙara wuce makarantar a kan lokaci ba. Da ta ce tana neman farin abin da za ta ja layin tashi, kullum sai ya zo da toka a leda. Shi yana koya mata kada ta dubi ramin, ta dubi inda take son sauka. Ita tana koya masa sunayen abin da ƙafarsa ta riga ta sani. A sati na biyu ya karɓi lambarta, wai saboda in ta buƙaci ƙarin toka.

Saƙonsa na farko daga gona ya zo: "Malamata, yau na ba kwamin albasa ɗaya ruwa sau uku, makwabcinsa ko ɗigo. Laifinki ne."

Ta amsa: "Gwanina, ka ba albasa haƙƙinta. Gobe ka zo da wuri, kuma ka daina taka layi don in yi maka faɗa."

Akwai kuma Malam Mas'ud, malamin lissafi, wanda tun zuwanta yake aika mata da fura. Da ya ga inda iska ta nufa, sai ya zo fili da kaftaninsa mai guga ya ce ai tsalle lissafi ne. Ya taho, ya tashi, ya dira da gwiwa. Ummulkhairi ta auna tsakani da Allah ta faɗa a gaban yara: mita ɗaya da rabi. Da la'asar aka ji shi a teburin mai shayi yana cewa shi dai bai ce komai ba, amma mace ta durƙusa kan sawun namiji, ga toka an ja a ƙasa, mai hankali ya haɗa da kansa.

Maganar ta isa kunnen Inna Hadizatu, mahaifiyar Kamilu, ta kuwa same ta a shirye. Da ma ta lura tokar murhunta tana ƙarewa, kuma autan nata ya fara goge kaushi da dutse kowace safiya. Sawun ɗanta, tokar murhunta: me ya rage? Ta ce kada ƙafarsa ta sake taɓa yashin nan, maganar aure kuwa kada ma ya fara.

Kwana huɗu Ummulkhairi tana hango shi yana zagayawa ta gada kamar dattijo. Ta rubuta masa: "Ashe kai ma ka yarda. Allah ya ba da sa'ar albasa."

Amsa ta zo nan take: "Alkhairina, wallahi ban yarda ba. In ma asiri ne, ba na neman makari. Inna ce ta hana. Ranar Laraba zan zo, ko da tana bayana."

Laraba ce ranar da mai dubawa zai zo. Kamilu ya durƙusa wa Inna ya ce in ba mai gwadawa yarinyar faɗuwa za ta yi, kuma shi ya yi alkawari. Sai Inna ta ce:

"Tahi, Auta. Amma ƙafata ƙafarka, kuma da tsintsiyata. In ga sawun da za ta ɗiba."

Mai dubawa ya zo da tabarau da babban fayil, aka ba shi kujera a inuwa. Ummulkhairi ta kawo wa Inna kujera ita ma, ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Inna ta sha ruwan bayan ta leƙa cikin kofin, kujerar kuwa ta ƙi. Ta tsaya a bakin rami.

Kamilu ya dira. Igiya na taɓa diddigen, tsintsiya ta share. Yaro na farko ya dira, Inna ta tuna shi ma ɗan wata ne, ta share. Haka har arba'in. Tun tana kallon hannun malamar kaɗai, har ta koma kallon layi, aka fara jin ta tana cewa wanga ya taka toka, a sake. Wata yarinya ta tsaya cak a bakin rami ta fashe da kuka. Ummulkhairi ta kama hannunta ta ba ta labarin ranar da takalminta ya riga ta isa, suka koma tare, yarinyar ta yi tsalle tana dariya. Inna ta share wannan a hankali.

Daga ƙarshe mai dubawa ya ce yana son ganin na malama. Ta tattare hijabi, ba ta dubi ramin ba. Inda ta duba, Kamilu ne tsaye a wurin. Ta dira a tsakiyar yashi da takalmanta duka biyu. Mai dubawa ya rubuta mata maki mai kyau, ya ƙara da cewa bai taɓa ganin ɗalibar da ta shigo da iyaye cikin darasi haka ba, kuma a gaida tsohuwar da ta riƙe gyaran rami.

Da aka watse Inna ta cire takalmi ta danna ƙafarta cikin yashi.

"Ɗiyar nan, auna wanga, ki yi mishi duk abin da kinka saba. In Jumma'a ta yi ban ji komi ba, ƙarya anka yi miki. In kuwa na ji, na kama ki."

"To, Inna," in ji Ummulkhairi. Ta durƙusa ta auna.

Ranar Alhamis Inna ta tashi tana tambayar ko wa ke dafa wa yarinyar nan abinci a ɗakin malamai, ta aika da hoce. Da rana ta ce ta ga kamar ba ta da rigar sanyi. Ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci ta kira Malam Shehu, wan marigayi mijinta, ta ce ya shirya zuwa Mafara neman aure. Ya ce ba ita ce ta hana ba? Ta ce ita ce, amma abin ya kama ta, kuma kada kowa ya nemo mata magani.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure a Talata Mafara. Malam Mas'ud ya zo, ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Aka yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka, mu ma muna tayawa.

Na je gidan da kaina. Na tarar da Inna tana tsefe wa amarya kai, Kamilu yana bakin zaure yana neman dalilin shigowa. Na tambayi Inna ko ta san mai yaɗa maganar sawu yanzu. Ta ce ita ce mana, ai a jikinta ta gwada. Sai na ce amarya ta ɗauko min littafinta na darasi, na buɗe na karanta.

Ummulkhairi ba ta ɗebi ƙasar sawun kowa ba. Kamilu ya yi tsallen mita biyar da ɗan ɗori, ta auna da igiya ta rubuta. Sunan Inna Hadizatu yana shafi na gaba, a gabansa an rubuta sifili, don ba ta yi tsalle ba. Tokar kuwa Kamilu ne yake kwasowa.