Baƙin Babur na Baba Wahabu

Ranar da Issifu ya fara tsayawa a rumfar Malam Seini baduku a tsohon Zangon Kumasi, 'yarsa Hamamatu ce kaɗai a ciki, tana ɗinke bakin wata jaka, ranta a ɓace tun safe. A ƙarshen shekarar 1969 ne, lokacin da aka kafa dokar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana, sai unguwar ta koma kasuwar gwanjo. Mutanen da aka yi shekara da shekaru ana cin tuwo tare da su suna baje gadaje da tukwane a bakin hanya, maƙwabtansu na jiya kuwa suna zagayawa suna tayi na wulaƙanci. Ita dai in ta gan su sai ta kau da kai ta tofar da yawu.

"Salamu alaikum. Ina so a ɗinka min jakan moto guda biyu, irin na ratayawa a babur, hagu da dama."

Ta ɗago kai. Dogo ne siriri, riƙe da akwatin ƙarfe, gaban rigarsa duk ɗigon mai.

"Ina moton?"

"Ban saya ba tukuna."

"To ka je ka sayi wandon mana kafin ka zo neman tazuge."

Maimakon ya yi fushi sai ya yi dariya, ya ajiye akwatin ya zauna a kai. Ya ce gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, daga Tafo yake bin ƙauyuka, kuma jiran lore na cinye masa yini. Babur biyu na hannu ya samu ya rasa wanda zai zaɓa. Ɗaya yana garejin Muniru fita, wato bakanike, a Tafo, jan tsoho ne mai tari da zubar da baƙin mai, amma yana da faffaɗar kariya ta ƙarfe da za ta ɗauki kaya. Ɗayan baƙi ne, dogo, mai kujera ƙasa-ƙasa da kai mai faɗi, irin wanda mutum ke zama a kai kamar a kan kujerar falo. Wannan yana hannun Bashiru dillali.

Da jin sunan ta yamutsa fuska. Bashirun nan neman aurenta yake, kuma tun da aka fara korar baƙi ya yi ƙiba. Ko a makon nan ya aiko mata da kwano mai fure, ta duba gindinsa ta ga sunan wata ƙawarta da aka kora an karce shi da ƙusa. Ta mayar masa, ta wanke hannu da sabulu.

"Ka sayi tsohon," ta ce.

"Ai ba ki ji muryar baƙin ba ne. In ya tashi, har cikin ƙirjinka kake ji."

"Kaya za ka ɗauka ko waƙa za ka saurara?"

Daga ranar sai rumfar ta zama hanyarsa, ko da kuwa aikinsa yana can Buokrom. Yau ya zo duba launin fata, gobe ya zo tambayar ko ruwan sama yana shiga ɗinki. Ya sa mata suna Basilla, wai bakinta ya fi babbar allurar babanta huda. Ita kuma ta kira shi Mai Keke, ta ce ba za ta ɗaga masa girma ba sai ya sami abin hawa.

"Basilla, in na sayi moto wa zan fara ɗauka?"

"Akwatinka."

"Bayan akwati fa?"

"Sai ka tambayi Baba," ta ce, idonta a kan ɗinki, tana jin kunnuwanta suna zafi.

Son shi take yi, kuma ta daina ɓoye wa kanta. Malam Seini ma ya gani, bai hana ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma ya fara tura wa yaron kujera da ƙafa in ya zo, wanda a wurinsa hakan babbar karɓa ce.

Ran nan da la'asar aka ji ruri ya cika layin. Issifu ne a kan baƙin babur, bakinsa har kunne, mutane suna lekowa. Ya tsaya a ƙofar rumfa ya kashe, ya ce, "Baba, ga shi. A auna."

Malam Seini bai tashi ba. Ya dubi babur ɗin daga gaba zuwa baya, ya dubi ƙugiyoyin da ke gefen kujera inda ake rataya jaka, sannan ya ajiye wuƙarsa.

"Ba sai na auna ba. Ni na ɗinka masa jakansa na farko. Moton Wahabu ne."

Hamamatu ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. Baba Wahabu Bayarabe ne mai shagon kayan keke, aminin babanta tun kafin a haife ta, shi ya yanka ragon sunanta. A makon da ya wuce ya tafi da iyalinsa. Ta san ya rabu da babur ɗinsa, amma baƙaƙen babura suna da yawa a Kumasi, bai taɓa zuwa mata a rai cewa shi ne wannan ba.

"Na san na wani ne da ya tafi," Issifu ya ce a hankali. "Amma saya na yi, Baba, ban sata ba."

"Kai ka saya. Wanda ya sayar maka fa? Ina tsaye a tasha. Bashiru ya taya, Wahabu ya ce albarka. Ya sake tayawa, ya ce albarka. Lore ya tashi, matarsa na ciki tana kuka, sai Bashiru ya jefa masa ɗan abin da ya ga dama a kan tabarma ya tura moton. Da ƙyar Wahabu ya fizge jakan don kayan yara ne a ciki. Har lore ya ɓace ban ji ya ce na sallama ba. Cinikin da mai kaya bai ce na sallama ba, ba ciniki ba ne a wurina."

Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da yankan fata. "Basillata ba za ta taɓa jakar moton nan ba. 'Yata kuma ba za ta hau shi ba."

Issifu ya zaci fushin tsoho ne, zai huce. Ya tura kawunnansa da goron gaisuwa. Kafin su kai gida goron ya riga su komawa, ko ganyen ba a kwance ba.

Ya tare Hamamatu a bakin famfo washegari, ta aza bokiti a ka. Ya bar babur ɗin can nesa, amma ta hango shi yana ƙyalli, an wanke shi an goge.

"Basilla, ki tsaya mana."

"Sunana Hamamatu."

"Wallahi ban san yadda aka yi ba. Na koma wurin Bashiru, ya yi min dariya, ya ce abin da aka saya an saya. Duk abin da na tara a cikin moton nan yake. Ki ce in yi yaya?"

"Ka wanke shi paa, har ƙyalli yake," ta ce. "Ni ko daga nan wari yake min. Kai da Bashiru ban ga bambanci ba koraa, ko kaɗan, shi ya yanka, kai ka ci nama."

Ta ga maganar ta shige shi, ta kuma ji zafinta a nata ƙirjin, amma ba ta janye ba. Ta wuce ruwa na zubo mata a wuya. Abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne, duk da haka so take ta waiwaya.

Daga nan ba a sake ganin Issifu ba, ba a sake jin rurin babur ba. Bashiru kuwa ya ga fili, ya shigo rumfar da sabuwar riga wadda kowa ya san ta wani tela ce da aka kora, har kafaɗun sun yi masa yawa. Ya zauna a kujerar da ba a tura masa ba.

"Yaronku ya gudu," ya ce yana sakace haƙori. "An gan shi ya ɗauki hanya da moto. Mai moto irin wannan ai ba ya rasa wadda zai goya. Ni dai ina nan, Hamamatu. Gado na ƙarfe ma biyu gare ni yanzu."

"Masu gadon suna kwana a ina?" ta tambaye shi.

Ya yi dariya kamar ta yi wasa. Bayan ya tafi ta ɗebo ruwa ta wanke kujerar, babanta yana kallo. Amma maganar ta zauna mata. Ta ce a ranta ashe haka ne, an ba shi zaɓi tsakaninta da ƙarfe ya zaɓi ƙarfe. Abinci ya daina yi mata daɗi, ɗinkinta ya fara karkacewa har Malam Seini yana warwarewa a ɓoye.

Ana cikin haka wata safiya mutum ya tsaya a ƙofar rumfa, a ƙasa, ba babur. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, rigarsa ta yi dauɗa kamar tsumman gareji. Sai da ya yi sallama Hamamatu ta gane Issifu ne.

"Daga ina?" Malam Seini ya tambaya.

"Daga Aflao, Baba, bakin iyakar Togo. An ce mutane suna jibge a can suna jiran a buɗe hanya, na ce ko zan sami Baba Wahabu."

Ya zauna a ƙasa ya ba da labari. Ya ce bai taɓa ganin wuri irin wannan ba, mutane kwance a rana da jarirai, ga ƙuda, ga wari, ga masu sayar musu da ruwan sha da tsada ba kunya. Ya yi ta bi yana tambaya har ya iske Baba Wahabu a gindin wani lore da ya lalace, ya yi matashi da jakunkunan fata guda biyu.

"Na ce masa ga motonka, ni na saya a hannun Bashiru. Na ce ko ka sallama min, ko ka karɓa. Gaskiya, Baba, so nake ya sallama."

"Ya ce me?"

"Bai ko dube ni ba. Ya zagaya moton, ya duba mai, ya zage ni wai ban iya kula da inji ba. Sai ya miƙo hannu, na ba shi makulli. Ya rataya jakan a ƙugiyoyinsu, ya ɗora matarsa da ƙaramin ɗansu. Da aka buɗe hanya ya wuce. Ni kuma na roƙi wani direba ya kawo ni a saman buhunan gishiri."

"Bai ba ka saƙo ba?"

"Ya bayar. Ya ce in gaya maka ɗinkin jakar hagu ya fara warwarewa, wai dama kai badukun banza ne."

Malam Seini ya fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta koma wani abu daban, ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Da ya natsu sai ya miƙa ƙafa ya tura wa Issifu kujera.

"Ka ce wa kawunnanka su dawo da goron."

Hamamatu ta tashi. Ta shiga gida ta fito da kwanon ruwa da ragowar waakye, shinkafa da waken da suka ci, ta dire a gabansa da ƙarfi.

"Ka ci ka je ka yi wanka, Mai Keke. Wari kake."

Jan tsohon nan na garejin Muniru ba wanda ya taya shi, don haka da Issifu ya koma kan kekunan ɗinkinsa ya ɗan farfaɗo, shi ya saya ya tura zuwa Zango. Malam Seini ya auna shi da kansa yana tsaki, ya ce bai taɓa ganin abu mai muni haka ba. Ya yanka fata mai kauri, ya ɗaga jakar dama don kada salansa, bututun hayaƙin, ta ƙone ta, Hamamatu ta yi ɗinkin. A cikin shekarar 1970 aka ɗaura aure. Taron bai cika kamar na da ba, don rabin waɗanda za su zo suna wata ƙasa, liman ya sa su a addu'a kafin ya sa ango da amarya.

Bayan an watse aka bar su a ɗakinsa na Tafo. Ta ɗaga mayafi ta dube shi da kyau.

"Gaya min gaskiya. Kana kewar baƙin?"

Ya dube ta. "Kullum. In na ji moto mai babbar murya ya wuce, sai na waiwaya."

"Da ka ce min a'a, da na san maƙaryaci na aura."

Ta kama hannunsa mai kaushi ta riƙe da nata biyun, ta ce Allah Ya mayar masa da abin da ya fi shi, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai tsoron haƙƙin mutane, Ya kuma kai Baba Wahabu gida lafiya. Issifu ya ce amin, ita kuma ba ta saki hannun ba.