Muryar Baffa a Bakin Fili

"Kai ka sa shi, Fa'izu! Kai da hannunka!"

"Kubra, wallahi don alfahari na sa... Ke kinka zo ta ɗaya hwa!"

"To ga inda alfaharin ya kai mu."

Ta juya masa baya tana share hawaye.

Kubra 'yar farin Jaje ce, makiyayin da ke da ruga a gefen Illela, kuma korar maruƙa ce ta koya wa ƙafafunta gudu. Ranar tseren 'yan mata a Konni ta bar kowa a baya. Fa'izu, ɗan kabu-kabun da ya riga ya kai goron neman aurenta, ya ɗauki bidiyo ya watsa, baki har kunne.

Sai wani marar aikin yi ya yanko daidai inda iska ta fizge mata ɗankwali, ya rubuta: "Yarinyar da ba ta da mafaɗi." Kafin ka ce kwabo guntun ya zagaye wayoyin Konni da Malbaza. Har waɗanda ba su iya kamo akuya ba suka zama alƙalan tarbiyya.

"Inna ta gani," in ji Fa'izu a hankali. "Ta ce gobe za ta taho a warware magana. Masoyiyata, in anka raba mu..."



Washegari Inna Barira, uwar Fa'izu, ta iso rugar tare da shi, fuska ba annuri. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, ba ta taɓa ba. Kubra na bayan bukka tana saurare.

"Malam Jaje, ni ba ni son ɓoye-ɓoye," in ji Inna. "Duniya duka na cewa ɗiyarka ba ta da mai kwaɓa. An ce ko tahiyarta ba ka sani ba."

Jaje ya sunkuyar da kai. Kubra ta san ba zai ce uffan ba. Kunyar ɗan fari ta sa tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya kare ta a gaban baƙi. "Ke" ce, ko "yarinyar can". Ta daɗe tana zaton ba ta gabansa.

Fa'izu ya durƙusa, ya miƙa wa Inna wayarsa.

"Inna, guntu kinka gani. Don Allah ki kalli dukansa."

Ta karɓi wayar da kyar. Ihun 'yan kallo ya cika wurin. Can kusa da ƙarshe wata murya ta danne kowa:

"Kubra! Kubrata! Ɗiyata ce, jama'a! Gudu, Kubra!"

Ga wani dattijo a bakin fili, malafa ta karkace, sanda a sama, yana bin layi da gudu kamar yaro.

Kubra ta dafe ƙirji. Ba ta taɓa kallon bidiyon ba, ba ta ma san ya je ba. Ashe haka sunanta yake a bakin Baffa! Kuka ya ƙwace mata.

Jaje ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa ido.

"Bari in duba shanu," ya ce, alhali shanun na kiwo tun safe.

Inna Barira ta bi shi da kallo. Ita ma Fa'izu ne ɗan farinta, ita ma ba ta taɓa furta sunansa ba. Ta san nauyin abin da ya sa dattijo yar da kunya a bainar jama'a. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ja ƙwaryar nonon ta kurɓa.

"Kai, wannan," ta ce wa ɗanta, "gaya ma baffanninka su taho a sa rana."

Kubra ta iske mahaifinta a gindin gawo, ya ba ta baya.

"Baffa..."

Bai waiwayo ba.

"Ke," ya ce, "da kin ƙara sauri a kwanar nan, da kin hi ba su rata."